Shagon sitiyari a Damagaram da filin tseren Le Mans: abin da na tarar

Ɗan ƙanwata ne ya fara kai ni shagon, wata ranar Alhamis bayan sallar La'asar, bayan ya shafe makonni yana ce mini, "Kawu, akwai wurin da za ka tuƙa Le Mans da hannunka." Da farko ban ɗauki maganar da nauyi ba, domin na san gidajen wasan PlayStation da suka cika unguwanninmu, inda samari suke cincirindo a kan wasan ƙwallo tun hantsi har dare. Amma wannan shagon, wanda yake cikin wani lungu ta wajen Zango, ba da nisa da Kasuwar Dole ba, ya bambanta da sauran ta abu guda. A kusurwarsa an girke kujerar mota ta gaske, wadda aka ciro daga wata tsohuwar mota aka ɗaure ta a kan ƙarfen da mai walda ya haɗa, a gabanta kuma ga sitiyari da birki da totur da babban allon talabijin. Wasan da ake sakawa shi ne Gran Turismo 7, wanda ya fito a shekarar 2022, kuma a cikinsa akwai filayen tsere na duniya da dama da aka kwaikwayi surarsu kwana bayan kwana. Na koma sau shida cikin wata biyu kafin in zauna rubuta wannan sharhi, kuma a kowane zuwa filin Le Mans, na tseren motoci da ke ƙasar Faransa, kaɗai nake zaɓa.

Ya kamata mai karatu ya san da wane ido nake kallon lamarin. Na yi shekaru ina tuƙa motar haya tsakanin Damagaram da Yamai, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 890, kafin in ajiye tuƙi in koma garaji. Tun a wancan lokacin nake sayen tsofaffin mujallun mota na Faransanci a wurin masu baza littattafai a bakin hanya, kuma cikin dukan tseren da nake karantawa babu wanda ya kama hankalina kamar tseren awa 24 na Le Mans, saboda tambayar da yake yi ita ce tambayar da kowane direban doguwar tafiya yake kwana da ita: shin motar nan za ta kai safiya?

Don amsa wannan tambayar aka ƙirƙiro tseren. Ƙungiyar masu mota ta yammacin Faransa, wadda aka sani da ACO, ita ce ta shirya shi karo na farko a ranakun 26 da 27 ga watan Mayu na 1923, a kan hanyoyin jama'a da suke kudu da garin Le Mans, a yankin Sarthe. A lokacin zagaye ɗaya ya haura kilomita 17, hanyar ba kwalta, ga ruwan sama ga taɓo, kuma tana kutsawa har cikin gefen gari. Motoci 33 suka tashi, 30 suka kai ƙarshe, kuma André Lagache da René Léonard, a cikin motar Chenard et Walcker, su ne suka fi kowa nisa da zagaye 128, wato kilomita 2,209. Manufar masu shiryawa ita ce a gwada juriyar motar da mutum zai saya ya hau, da injinta da fitilunta da birkinta, shi ya sa aka haɗa dare da rana. Daga baya an yi ta yanke filin ana gyara shi, har ya tsaya a kilomita 13 da mita 626 da yake a yau, wato bai kai nisan Damagaram zuwa Mirya ba, amma har gobe babban ɓangarensa hanyar jama'a ce da ake rufewa idan tsere ya zo a watan Yuni.

Abin da shagon ya fi burge ni da shi, kuma dalilin da ya sa nake ganin kuɗin da na biya bai tafi a banza ba, shi ne cewa waɗannan alƙaluma da na daɗe ina karantawa sun shiga hannuna da ƙafata. Gani ya kori ji. Idan ka tashi daga gaban rumfunan gyara, inda motocin tsere suke tsayawa shan mai da canjin taya, ka haura ka wuce ƙarƙashin gadar Dunlop mai siffar taya, ka gangara cikin lanƙwashe-lanƙwashen da suke biye, sai ka iso kwanar Tertre Rouge, wadda take juyawa dama ta zuba ka a kan hanyar Hunaudières. Sitiyarin yana fizgar hannu idan taya ta hau gefen hanya, yana yin nauyi a cikin kwana, yana yin sakayau idan gaban mota ya fara sulɓewa, kuma duk wanda ya taɓa tuƙa mota a kan yashin da iska ta zubo a kwalta zai gane wannan sakayau ɗin nan take. A zuwana na biyu na fahimci abin da ban taɓa fahimta daga takarda ba, wato cewa wanda ya yi gaggawar taka totur a Tertre Rouge ya fita da faɗi, asarar da ya yi za ta bi shi tsawon miƙaƙƙiyar hanyar gaba ɗaya. A nan ne kuma direban Denmak Allan Simonsen ya rasa ransa a 2013, a farkon tseren.

Hunaudières ita ce zuciyar filin. Hanya ce ta kusan kilomita 6 da take nufar garin Tours, wadda a ranakun da ba tsere manyan motoci da motocin gida suke bi. Shekara da shekaru babu abin da yake katse ta, direba yana danne totur har ƙasa ya bar wa inji da iska sauran aikin. A 1988 wata ƙaramar tawagar Faransawa mai suna WM ta zo da niyyar kafa tarihin gudu kawai, suka toshe yawancin ƙofofin iskar motarsu don ta tsaga iska da sauƙi, kuma Roger Dorchy ya kai kilomita 405 a awa a kan wannan hanya, da injin Peugeot. Motar ba ta daɗe ba bayan haka zafi ya kashe ta, abin da kowane bakanike zai iya hangowa tun kafin a tashi. A 1990 aka saka kwanonin rage gudu guda biyu, waɗanda Faransawa suke kira shikan, bayan hukumar tseren motoci ta duniya ta ce ba za ta amince da miƙaƙƙiyar hanyar da ta wuce kilomita 2 ba, kuma tun daga lokacin babu wanda ya sake kusantar adadin Dorchy.

Wasan yana da fasalin filin guda biyu, mai shikan da marar shikan, kuma a ganina wannan shi ne abu mafi daraja da shagon yake sayarwa, ko da yake yawancin masu zuwa ba su san da shi ba. Na roƙi mai shagon, wani matashi mai ladabi da haƙuri, ya saka mini marar shikan tare da motar Sauber Mercedes C9, irin wadda ta ci tseren 1989, shekarar ƙarshe kafin a yanke hanyar. Lambar gudu ta haura 350, itatuwan gefen hanya suka zama kamar labule, kuma lanƙwasa ƴar ƙarama da take kusa da ƙarshen hanyar, wadda a taswira ba ta kai a kira ta kwana ba, ta zo mini kamar ƙofar zaure. Na ɗaga ƙafa ba tare da na yi niyya ba. Daga nan na sake hawa mai shikan da mota ɗaya, sai na ga abin da aka rage da abin da aka ƙara: an rage tsoro, an ƙara wa birki wahala sau biyu a kowane zagaye, kuma birkin da aka ƙara wa aiki sau biyu a zagaye kusan 400 ba ƙaramin lissafi ba ne ga mai ƙera mota.

A nan ne zan kawo babban ƙorafina. Birkin shagon ya saki. Ƙafa tana tafiya rabin hanya kafin ya fara kamawa, sannan ya kama gaba ɗaya lokaci guda, ga shi ƙarfen da aka ɗora shi yana ja baya idan an taka da ƙarfi. A wani filin ana iya yin haƙuri da wannan, amma a Le Mans, inda ake sauko da mota daga gudun da ya haura 300 zuwa ƙasa da 100 a kwanar Mulsanne da take ƙarshen Hunaudières, sannan a sake taka birki da ƙarfi a kwanonin Indianapolis da Arnage, wadda ita ce kwana mafi jinkiri a filin, birki marar daidaito yana ɓata darasin baki ɗaya. Filin da kamfanin Jaguar ya nuna wa duniya amfanin birkin faifai a kansa a 1953 bai dace a tuƙa shi da birkin da ba ya jin ƙafa ba. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin kujerar, na ga ƙusoshi biyu ne suka kwance, ramin ɗaya kuma ya buɗe. Na ce wa mai shagon, "Ɗana, wannan aikin rabin awa ne a wurin mai walda." Ya ce, "To, Baba, in Allah ya yarda za a gyara." A zuwana na gaba na tarar an ɗaure ƙusoshin, amma sakin birkin yana nan, kuma har ranar da nake rubutun nan ba a canza shi ba.

Bayan Arnage hanya tana kai ka ga jerin kwanonin Porsche, waɗanda ake shiga da gudu mai yawa, dama da hagu da hagu da dama, shinge yana kusa. An gina su ne a 1972 don a kauce wa Maison Blanche, wata kwana mai haɗari da take bin gefen wani farin gida a tsohuwar hanya. A can ne Baturen Ingila John Woolfe ya mutu a zagayen farko na tseren 1969. A wancan zamanin direbobi suna tsayawa ne a tsallaken hanya, idan aka kaɗa tuta su ruga da gudu su faɗa mota su tayar, kuma da yawansu ba sa tsayawa ɗaura bel. Jacky Ickx, ɗan Beljiyam, ya ƙi yin gudun a wannan shekarar, ya taka a hankali zuwa motarsa Ford GT40, ya ɗaura bel ɗinsa, ya tashi a bayan kowa, kuma bayan awa 24 shi ne ya ci tseren da tazarar kimanin mita 120 a gaban Porsche ɗin Hans Herrmann. Daga shekarar da ta biyo baya aka daina wannan salon tashi. Na ba samarin shagon wannan labarin wata rana da wuta ta ɗauke muna zaune muna jira, kuma na ga yadda ya shige su, musamman ƴan kabu-kabun da ke cikinsu, waɗanda suka san abin da gaggawar tashi take jawowa.

Akwai wani wuri a filin da ba na wucewa ba tare da jikina ya yi sanyi ba, wato miƙaƙƙiyar hanyar gaban rumfunan gyara. A ranar 11 ga Yuni 1955 Mike Hawthorn ya taka birkin Jaguar ɗinsa don ya shiga rumfa, Lance Macklin da yake bayansa ya kauce hagu, sai Mercedes ɗin Pierre Levegh ta hau bayan motar Macklin ta tashi sama ta tarwatse cikin ƴan kallo. Levegh ya mutu tare da mutane fiye da 80, kuma har yau babu haɗarin da ya kai wannan muni a tarihin tseren motoci. Mercedes ta janye motocinta cikin dare, ta bar tsere a ƙarshen shekarar har tsawon shekaru kusan talatin, ƙasar Suwizalan ta haramta tseren zagaye a ƙasarta, aka kuma rushe rumfunan aka faɗaɗa wurin. A cikin wasa mutum yana buga shinge ya juya ya ci gaba, kuma babu laifi a hakan tunda wasa ne, amma ina ganin wajibi ne a riƙa gaya wa yaran da suke hawa kujerar nan cewa kowace kwanar rage gudu da suke jin haushinta, da kowane shinge da suke gogawa, akwai dalilin da ya sa aka saka shi, kuma sau da yawa dalilin rai ne. Bangon shagon cike yake da hotunan ƴan ƙwallo, amma babu ko taswirar filin guda ɗaya.

Ƙorafina na biyu ya shafi yadda ake sayar da lokaci. Ana biyan dala ɗari, wato sefa 500, na minti 15, kuma idan akwai layi ba a ƙara wa mutum. Kuɗin a kansa bai yi yawa ba idan aka dubi tsadar kayan da man injin wuta. Matsalar ita ce zagaye ɗaya a Le Mans yana cin fiye da minti huɗu a hannun irina, don haka zagaye uku kawai ake samu, na farko kuma yana tafiya ne wajen sabawa da kujera. Zagaye mafi sauri da aka yi a filin bayan saka shikan shi ne na Kamui Kobayashi, ɗan Japan, a 2017 wajen neman gurbin tashi, minti 3 da daƙiƙa 14 da ɗigo 791 a cikin Toyota TS050, matsakaicin gudun da ya kusa kilomita 252 a awa, sannan a cikin tsere kansa Mike Conway ya yi minti 3 da daƙiƙa 17 da ɗigo 297 a 2019. Samarin shagon sun san lambar Kobayashi, ita suke kora, kuma minti 15 ya ishe su. Amma bajintar da ta fi bayyana halin Le Mans ita ce ta nisa. A 1971 Helmut Marko da Gijs van Lennep sun yi kilomita 5,335 a cikin Porsche 917, adadin da ya tsaya shekara 39 ba a karya shi ba, sai a 2010 da Timo Bernhard da Romain Dumas da Mike Rockenfeller suka yi zagaye 397, kilomita 5,410, a cikin Audi mai shan dizal. Na zauna na lissafa shi da hanyar da na sani: zuwa Yamai da dawowa sau uku ke nan, da ɗan ragowa, cikin yini ɗaya da dare ɗaya, a matsakaicin gudun kilomita 225 a awa, har da tsayawar shan mai da canjin taya da canjin direba. Wanda ya taɓa isowa Dogon Dutsi idanunsa suna yaji, bayansa ya ƙage, shi zai san nauyin wannan lissafi. Ba a ɗanɗana irin wannan abu a zagaye uku.

Sau ɗaya na samu abin da nake so. Na je da hantsi ranar da babu kowa, na biya kuɗin awa ɗaya, mai shagon ya saita mini wasan yadda rana za ta faɗi ina cikin tuƙi, taya tana cinyewa, mai yana raguwa. Wajen zagaye na bakwai duhu ya rufe Hunaudières, alamomin da nake taka birki da su suka ɓace, sai hasken fitila da farin layi, kafaɗuna suka fara ciwo, hankalina ya fara yawo kamar yadda yake yi tsakanin Maraɗi da Ƙonni da tsakar dare. A nan na gane dalilin da ya sa doka ta tilasta direbobi uku a mota ɗaya, ta kuma hana mutum ɗaya wuce awa 4 cikin kowace awa 6, ko awa 14 a jimlace. A nan kuma girman Tom Kristensen ya bayyana gare ni, ɗan Denmak ɗin da ya ci tseren sau 9, shida daga ciki a jere daga 2000 zuwa 2005, ya wuce Ickx mai 6. Motar da na hau ranar ita ce Toyota ta 2016, wadda take gaba da kowa har saura ƴan mintuna a kammala awa 24 ƙarfinta ya ɗauke a hannun Kazuki Nakajima, Porsche ta wuce ta ta ci. Toyota ba ta samu nasararta ta farko ba sai a 2018, daga nan ta jera biyar. Porsche ce har yanzu take gaba da nasara 19, Audi tana da 13, Ferrari kuwa, wadda rabonta da cin tseren tun 1965, ta dawo ta ci na cikar shekara ɗari a 2023 ta kuma maimaita a shekaru biyun da suka biyo baya.

Sauran abubuwan ba su buƙatar dogon bayani. Ɗakin yana da zafi da rana, fanka ɗaya ce kuma ba ta kai wa kusurwar kujerar. Idan wuta ta ɗauke kafin a tayar da inji zagayen da mutum yake ciki ya tafi, amma mai shagon yana mayar da lokacin cikakke ba tare da gardama ba, kuma na ga ya yi wa yaro ɗan makaranta haka kamar yadda ya yi mini. Yana dakatar da wasa idan an kira salla, ba ya barin a sha taba a ciki, allon kuma yana da kyau, ba ya jinkiri tsakanin juya sitiyari da juyawar mota. Kujerar ba ta matsawa gaba ko baya, don haka gajere sai an saka masa matashi.

Na ba mai shagon shawara uku, kuma ina maimaita su a nan domin ya ce yana karanta abin da ake rubutawa. Ya canza birkin kafin komai. Ya ware farashin awa ɗaya da safe, lokacin da kujerar take zaune babu kowa, don masu son su san filin da gaske. Sannan ya buga taswirar Le Mans babba ya manna a bango, da sunayen kwanoni da shekarun da aka yi su, ya rubuta 405 a kan Hunaudières da 5,410 a gefen layin ƙarshe. Ya ce yana tunanin nuna tseren na gaske a watan Yuni, ya bar shagon a buɗe har safe, kuma na gaya masa idan an tashi ƙarfe 4 na yamma agogon Faransa, ƙarfe 3 ke nan a nan Damagaram, zan kawo shayi da gawayi. Wanda yake son zuwa kafin lokacin, ya je da hantsi tsakanin Litinin da Laraba, ya nemi fasalin marar shikan tukuna sannan mai shikan, kuma ya fara taka birkin Mulsanne da wuri fiye da yadda idonsa yake gaya masa, har sai an gyara shi.